Zuciya a dama, hanta a hagu: yadda jiki ke tantance ɓangarorinsa

Idan ka kalli mutum daga waje sai ka ɗauka an raba shi gida biyu daidai wa daida: ido biyu, kunne biyu, hannu da ƙafa bibbiyu, hanci da cibiya a tsakiya. Ciki kuwa ba haka yake ba. Zuciya ta karkata hagu, tumbi da saifa ma suna hagu, hanta da matsarmama suna dama, afendis, ɗan reshen nan da ke maƙale a jikin hanji, yana can ƙasan ciki ta dama. Ko huhu da ake yi wa kallon tagwaye, na dama kashi uku ne, na hagu kashi biyu, domin ya matsa wa zuciya. Haka tsarin yake a jikin kusan kowa, shi ya sa likita ke ɗora abin sauraron ƙirji a hagu ba tare da ya tambayi kowa ba.

Na ce kusan kowa. A cikin mutum 10,000 akan sami kamar ɗaya wanda komai nasa ya juye, zuciya a dama, hanta a hagu, tamkar hoton sauran mutane a madubi. Likitoci na kiran wannan halitta situs inbasus. Wani matashin likita a Landan, Matthew Baillie, ya rubuta cikakken bayaninta a 1788, bayan an kawo gawar wani mutum ɗan kimanin shekara 40 ɗakin da ake koyar da fiɗa. Ya bi kayan cikin ɗaya bayan ɗaya har zuwa manyan jijiyoyin jini, bai sami wanda ya tsira daga juyin ba. Mamacin kuwa ya yi rayuwarsa ya gama bai taɓa sanin zuciyarsa a dama take ba.

Har gobe yawancin masu wannan halitta haka suke. Suna noma, suna wasan ƙwallo, suna haihuwa, suna tsufa, sai wata rana an ɗauki hoton ƙirjinsu saboda wani dalili dabam a ga abin. Sau da yawa ma mai ɗaukar hoton ne ake fara zargi, a ce ya manna alamar hagu a dama. Haɗarin da ke bibiyarsu ya fi fitowa daga sabon da likitoci suka yi da jikin sauran jama'a. Afendis ɗinsu idan ya kumbura, ciwon kan taso ta hagu, wurin da ba a saba nemansa ba, sai a ɓata lokaci ana laluben wata cutar. Na'urar auna bugun zuciya takan fitar da zane mai ban tsoro idan ba a juya wayoyin ba. Likitan fiɗa da hannunsa ya saba da hanya ɗaya dole ya sake lissafi a kowane yanka. Dashen zuciya ko hanta kuma aiki ne ja, tunda wanda ya bayar da gaɓar kusan kullum mai tsarin gama-gari ne, jijiyoyinta ba sa fuskantar inda na mai karɓa suke.

Tambayar da ta daɗe tana cin ran masana ita ce: ta yaya ɗan tayi ke sanin hagunsa? A kwanakin farko dunƙulen ƙwayoyin halitta ne kawai. Daga baya ya sami kai da gindi, ya sami gaba da baya, amma har a lokacin ɓangarorinsa biyu iri ɗaya ne sak. Da a ce zaɓin na ƙuri'a ne, da rabin mutanen duniya zuciyarsu a dama take. Tunda 9,999 cikin 10,000 hanya ɗaya suke bi, lallai akwai wani abu a cikin tayin da ke nuna masa hanyar.

Amsar ta ɓullo ta inda ba a zata ba, ta wajen masu tari. A 1904 wani likita mai suna Siewert ya ba da labarin majiyyaci mai juyayyen kayan ciki da kuma lalatattun hanyoyin iska na huhu. A 1933 Manes Kartagener, likita a Zurich ta ƙasar Suwizalan, ya tattara irin waɗannan majiyyata ya nuna abubuwa uku suna tafiya tare: juyewar kayan ciki, toshewar hanci da ba ta warkewa, da buɗewar hanyoyin huhu masu tara kaki. Ruwa ba ya tsami banza, amma fiye da shekara 40 babu wanda ya iya faɗin abin da ya haɗa majina da wurin zaman zuciya. Sai a 1976 Björn Afzelius, masani a Swidin, yana duba maniyyin wasu maza da ba sa haihuwa. Ƙwayoyin maniyyin da ransu, sai dai wutsiyarsu ba ta motsi. Da ya ƙara girman hoton da na'ura mai ƙarfi, ya ga wasu 'yan ƙananan hannaye na furotin da ake kira dayinin, waɗanda su ne injin da ke kaɗa wutsiyar, babu su. Mazan nan ban da wannan suna fama da tari da ciwon hanci tun suna yara, wasunsu kuma zuciyarsu a dama.

Nan ya haɗa zaren. Hanyoyin numfashinmu a shimfiɗe suke da wasu gasu ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, ana kiransu siliya, suna kaɗawa sau goma ko fiye a daƙiƙa ɗaya suna tura majina da ƙura da ƙwayoyin cuta sama zuwa maƙogwaro. Injinsu ɗaya ne da na wutsiyar maniyyi. Wanda ya gaji lalataccen injin daga uwa da uba, majina za ta kwanta masa a huhu da hanci da kunne, maniyyinsa kuma ba zai yi iyo ba. Afzelius ya ƙara da hasashen cewa akwai irin gasun nan a jikin tayi, kuma su ne ke nuna hagu. Hujjarsa ta lissafi ce mai sauƙi: a cikin masu wannan cuta ta siliya, kusan rabi ne kawai kayan cikinsu ke juyewa, rabi kuma daidai suke. Wato rashin motsin gasun ba ya tura zuciya dama, cire jagora kawai yake yi, sai zaɓin ya koma ƙuri'a. An ma sami tagwaye 'yan ƙwai ɗaya masu cutar, ɗaya zuciyarsa a hagu, ɗayan a dama, alhali gadonsu iri ɗaya ne.

Shekara 22 hasashen ya yi yana jiran shaida. A 1998 Shigenori Nonaka da abokan aikinsa a ɗakin binciken Nobutaka Hirokawa, a Jami'ar Tokyo, suka leƙa wani ɗan rami da ke bayyana na ɗan lokaci a jikin tayin ɓera, wajen kwana na takwas. A cikin ramin akwai gasu ɗari biyu zuwa uku, kuma ba kaɗawa suke gaba da baya irin na huhu ba, juyawa suke, duk ta fuskar da hannun agogo ke bi. Ruwan da ke cikin ramin kuwa yana gudana zuwa hagu. A tayin ɓerayen da aka hana wannan gashi, ruwan ya tsaya cik, rabinsu suka fito a juye.

Akwai ɗan abin da ya kamata a tsaya a kai a nan, domin abu mai juyawa a tsaye ba ya tura ruwa gefe ɗaya, zagaye kawai yake sa shi. Sirrin yana cikin karkata. Kowane gashi ya jingina zuwa wajen gindin tayin. Ka miƙa yatsanka a karkace bisa tebur ka juya shi: a rabin zagayen yana sama cikin sarari, a ɗaya rabin yana shafar teburin. Haka gashin yake. Lokacin da yake tafiya hagu yana sama, inda ruwa ke biye masa da sauƙi, lokacin da yake komawa dama kuma yana jan ƙasa, inda ruwan ke manne da bango ba ya motsi sosai. Sai turin hagu ya rinjaya. Da wannan dabara tayin ya ɗauki abubuwan da ya riga ya sani, wato ina ne kai ina ne gindi, ina ne gaba ina ne baya, ya haɗa da fuskar juyawar injin furotin, wadda ba ta canzawa, ya fitar da hagu. A 2002 Nonaka, a wannan karon tare da Hiroshi Hamada a Osaka, ya sa tayin ɓera a cikin wata na'ura ya tura ruwa da ƙarfi zuwa dama. Zuciyar tayin ta lanƙwasa ta kishiyar hanya. Gani ya kori ji.

Abin da ke biyo baya saƙo ne daga hannu zuwa hannu. A bakin ramin akwai wasu gasun da ba sa motsi, aikinsu jin turin ruwan. Na gefen hagu suna ji, sai a kunna wata ƙwayar gado mai suna Nodal a hagu kaɗai, ita kuma ta kunna Pitx2, wadda ke zama tambarin hagu a kan duk gaɓar da za ta tsiro a wannan gefe. A tsakiyar jiki kuma akwai shinge da ke hana saƙon tsallakawa dama. A jikin ɗan Adam duk wannan na faruwa ne a wajen mako na uku da ɗaukar ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma san sun ɗauka ba. (Kaza, abin mamaki, ba ta amfani da gasu masu juyawa, ƙwayoyin halittar tayinta ne ke matsawa gefe ɗaya, amma daga Nodal zuwa gaba hanyarmu ɗaya da ita.)

To, a nan ne ake ganin inda ainihin cutar take. Idan saƙon ya juye gaba ɗaya, kowace gaɓa ta karɓi umarni iri ɗaya, sai kowace jijiya ta sami abokiyar haɗinta. Kamar magini ne ya riƙe taswirar gida a juye tun daga tushe har rufi: ƙofa ta koma ɗaya gefen, amma kowane bututun ruwa ya haɗu da ɗan'uwansa. Matsala tana zuwa ne idan ɗaki ɗaya aka juya aka bar sauran. Wannan shi ne abin da ake kira hetarotaksi, inda saƙon ya yi rauni, ko ya tsallaka shinge, ko wasu gaɓoɓin suka ji wasu ba su ji ba. Wani jaririn sai a haife shi da dama biyu: huhunsa duka masu kashi uku, hanta a shimfiɗe a tsakiya, saifa babu ita sam, domin ita 'yar hagu ce. Likitan Swidin Biörn Ivemark ya bayyana wannan nau'i a 1955. Irin wannan yaro ƙwayoyin cuta na iya kayar da shi cikin sa'o'i, shi ya sa ake ɗora shi kan rigakafi da maganin kashe ƙwayoyin cuta na kullum. Wani kuma hagu biyu ne: ƙananan saifa barkatai, wani lokaci kuma babu cibiyar da ke ba zuciya umarnin bugawa, tunda ita a ɗakin dama take zama. Hanji ma yakan kasa kammala juyin da ya kamata ya yi a cikin mahaifa, ya zauna a sake, wata rana ya murɗe.

Alƙaluman ciwon zuciya na haihuwa sun isa shaida. A cikin jama'a gaba ɗaya kusan jariri ɗaya ne cikin 100. A cikin masu cikakkiyar juyewa adadin ya ɗan haura, kamar uku zuwa biyar cikin 100. Amma idan zuciya kaɗai ta koma dama sauran kayan ciki suna inda aka saba, ko aka sami gaurayen da muka faɗa, mafi yawansu da nakasar zuciya ake haifarsu, sau da yawa mai tsanani. Duk da haka jiki ba ya bin doka sau da ƙafa. Wata tsohuwa a jihar Oregon ta Amurka ta rasu a 2017 tana da shekara 99, ta bar wasiyyar a ba ɗaliban likitanci gawarta. Da suka buɗe sai suka ga zuciya a hagu, hanta da tumbi da sauran kayan ciki a juye, haɗin da galibi ke zuwa da mummunan ciwon zuciya. Ita tata zuciyar ba ta da wannan nakasa, kuma ba ta taɓa sanin komai ba.

Mai karatu zai yi tsammanin wanda cikinsa ya juye, kansa ma ya juye, ya zama bahago. Ba haka ba ne. Binciken da Johan Torgersen ya yi a Norwe a 1950, da wanda Chris McManus da abokansa suka yi a Ingila a 2004 kan masu cutar siliya, duk sun nuna masu juyayyen ciki da dama suke aiki kamar kowa, kusan tara cikin goma. Ashe ƙwaƙwalwa tana da tata hanyar ta raba aiki wadda ba ta jiran ruwan ramin nan. Rabon kuwa an san da shi tun 1861, lokacin da Paul Broca a Faris ya duba ƙwaƙwalwar wani majiyyaci da ya shekara 21 ba ya iya furta komai sai "tan", ya sami rauni a gaban ɓarin hagu. Kusan kashi 95 cikin 100 na masu amfani da dama da ɓarin hagu suke magana, bahagwai ma kusan kashi 70 haka.

Sannan ga wani abu da ya ƙara cakuɗa lamarin: jijiyoyin a gicciye suke. Ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ne ke juya hannun dama da ƙafar dama, na dama ke juya na hagu. Likitocin Girka na dā sun lura cewa rauni a gefe ɗaya na kai yakan jawo fizge-fizge a ɗaya gefen jiki, kuma a 1709 Domenico Mistichelli na Italiya ya nuna wurin giccin, can ƙasa inda ƙwaƙwalwa ke haɗuwa da laka. Kashi 80 zuwa 90 na zaruruwan umarnin motsi a nan suke tsallakawa. Tsallakawar ma da 'yan jagoranta. Akwai wata cuta da ba a cika gani ba, wadda aka gano a 2004 cewa lalacewar ƙwayar gado ROBO3 ke kawo ta, inda zaruruwan ba sa tsallakawa ko kaɗan. Ɓarin dama ke juya hannun dama. Masu ita ba sa iya juya ido hagu da dama, sai sun juya kai, ƙashin bayansu kuma yana lanƙwashewa tun suna yara. Amma suna tafiya, suna rubutu, kowane hannu yana jin maganar mai shi. Kwatanta su da masu lalacewar wata ƙwayar, DCC, inda wasu zaruruwan suka tsallaka wasu suka tsaya. Su duk abin da hannun dama ya yi, na hagu sai ya kwaikwaya ba da son mai shi ba. Yana rubutu da dama, yatsun hagu na motsi. Ɗaura igiyar takalmi ko sa maɓalli, duk aikin da ke son hannu biyu su yi abu dabam-dabam, ya zama wahala. Yara ƙanana duk suna da ɗan wannan kwaikwayo, yana gushewa kafin shekara goma, su kuwa nasu ba ya tafiya. Ka ga abin da muka gani a ciki ya sake fitowa a kai: rashin tsallakawa gaba ɗaya ya bar hannaye lafiya, rabi da rabi ne ya rikita su.

Ɓarin biyu suna magana da juna ta wata gada mai zaruruwa kusan miliyan 200, wadda likitoci ke kira kofus kalosum. A 1962 likitocin fiɗa Joseph Bogen da Philip Vogel a Los Angeles suka yanke wannan gada a kan wani tsohon soja da farfaɗiya ta ƙi jin magani, domin kada wutar farfaɗiyar ta riƙa tsallakawa daga ɓari zuwa ɓari. Aikin ya yi amfani, kuma a hira ba ka gane an taɓa shi. Roger Sperry da ɗalibinsa Michael Gazzaniga ne suka gano inda tsagar take. Duk abin da ke hagu da inda ido ya kafe, ɓarin dama yake zuwa, na dama kuma ɓarin hagu. Sai suka riƙa walƙa hoto a gefe ɗaya cikin ƙiftawar ido. Idan an nuna cokali a dama, majiyyaci ya ce cokali. Idan an nuna a hagu, ya ce bai ga komai ba, domin ɓarin da ke magana bai gani ba, amma hannunsa na hagu ya lalubo cokalin daga cikin tarkace. Wannan aiki na cikin abin da ya jawo wa Sperry kyautar Nobel a 1981.

Gwajin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda Gazzaniga da Joseph LeDoux suka yi a shekarun 1970 da wani matashi. Aka nuna wa ɓarin hagu ƙafar kaza, aka nuna wa na dama gida cikin dusar ƙanƙara, aka ce ya zaɓi hotunan da suka dace. Hannun dama ya nuna kaza, na hagu ya nuna shebur, abin kwashe dusar. Da aka tambaye shi dalili, bai yi jim ba, ya ce ƙafar ta kaza ce, shebur kuma na share akurkin kaji ne. Bai ce bai sani ba. Ɓarin da ke magana bai ga dusar ba, amma ya ga abin da hannu ya yi, nan take ya ƙirƙiro dalili mai ma'ana ya kuma yarda da shi. Ba ƙarya yaron ya yi ba, domin maƙaryaci ya san gaskiyar da yake ɓoyewa. A ganina wannan ya kamata ya sa kowannenmu ya rage cika baki game da dalilan da yake bayarwa na ayyukansa, ko da gadarsa lafiya lau take. Sai dai kada a zarce, a ce mutum biyu ne a kai ɗaya. Binciken Yair Pinto da abokansa na Amsterdam a 2017 ya sami majiyyata biyu masu yankakkiyar gada da ke iya nuna abu a kowane gefe da kowane hannu, ko da yake ba sa iya kwatanta abin hagu da na dama. Gardamar tana nan da ranta.

Wasu bayan yankan, ko bayan shanyewar ɓarin jiki ta taɓa gadar, hannunsu na hagu kan yi gaban kansa: dama na sa maɓalli, hagu na cirewa. Kurt Goldstein a Jamus ya ba da labarin wata mata a 1908 da hannunta na hagu ke kai wa wuyanta shaƙa, sai ta sa na dama ta ɓamɓare shi.

Yanzu dubi wanda aka haifa ba gadar kwata-kwata, abin da ke faruwa ga kamar jariri ɗaya cikin 4,000. Hankali zai ce nasa ya fi muni. Amma idan aka yi musu gwajin cokalin nan, yawancinsu suna faɗin sunan abin ko ta wane gefe aka nuna. Ƙwaƙwalwar da ta tashi ba gada ta nemi wasu ƙananan mashigai ta faɗaɗa su tun tana ɗanya. Ba a ce ba su da matsala ba. Inda rashin gadar ya zo tare da wasu nakasu, akan sami farfaɗiya da jinkirin girma mai tsanani. Inda ya zo shi kaɗai, da yawa basirarsu daidai take, sai dai sukan yi nawa wajen warware abu mai sarƙaƙiya, habaici da barkwanci da karanta fuskar mutane kuma su ba su wuya. Wasu sai sun girma ake ganowa a hoton kai.

Lokaci dai shi ne babban alƙali, kuma babu inda hakan ya fi fitowa kamar tiyatar cire ɓari guda na ƙwaƙwalwa. Walter Dandy ne ya fara ba da rahotonta a Amurka a 1928, kan masu ciwon daji, sannan a 1950 Krynauw a Afirka ta Kudu ya ba da rahoton yara 12 masu farfaɗiya da ya yi wa. Har yau ana yin ta, galibi ta hanyar yanke haɗin ɓarin a bar shi a wurinsa, ga yara masu cututtuka irin kumburin ƙwaƙwalwa da Theodore Rasmussen ya bayyana a Montreal a 1958, wanda ke cin ɓari ɗaya sannu a hankali. Yaron da aka raba da ɓarin hagu yana ƙarami yakan koyi magana da na dama, ya yi tafiya da ɗan ɗingishi, ya je makaranta. Abin da ba ya dawowa shi ne aikin yatsun hannun da ke kishiyar gefen, da rabin filin gani. Lalataccen ɓarin da ke ta harba wutar farfaɗiya ya fi cutar da yaron a kan rashinsa.

Babba kuwa rauni kaɗan ya ishe shi ya rasa rabin duniya. Bayan jini ya toshe ko ya fashe a ɓarin dama, musamman ta sama wajen bayan kunne, wasu majiyyata sukan daina kula da duk abin da ke hagu. Wannan ba ya cikin cututtukan da ba a cika gani ba, yana da yawa a makonnin farko, sai dai ba a cika gane shi ba. Idonsu na gani. Amma mutum zai ci rabin abin da ke faranti ya ce ya ƙare, ya aske rabin gemu, a ce ya zana agogo ya cusa lambobi goma sha biyu duk a dama. Masu jinya sukan ɗauka taurin kai ne ko rikicewar tsufa. A 1978 Edoardo Bisiach da Claudio Luzzatti suka ce wa majiyyata biyu 'yan Milan su rufe ido su ɗauka suna tsaye a dandalin babbar majami'ar birnin suna fuskantarta, su lissafa gine-ginen da ke wurin. Suka lissafa na dama kaɗai. Aka ce to su ɗauka sun juya, suna bakin majami'ar suna kallon dandalin. Sai suka lissafa waɗanda suka tsallake ɗazu, suka bar na farko. Dandalin duka yana cikin kansu, hagunsa ne ba sa iya waiwaya, ko a tunani. Shekara goma bayan haka John Marshall da Peter Halligan suka nuna wa wata mata zanen gida biyu, ɗaya wuta na ci ta hagunsa. Ta ce iri ɗaya ne, amma da aka ce ta zaɓi wanda za ta zauna a ciki, mafi yawan lokuta marar wutar take ɗauka.

Wasu abin ya kai su ga musun cewa hannunsu ya shanye, yanayin da Joseph Babinski ya bayyana a 1914, wasu ma su ce hannun na wani ne aka ajiye musu a gado. Idan aka ɗura ruwan sanyi a kunnen hagu na irin wannan majiyyaci, abin da ke girgiza na'urar daidaito ta cikin kunne, yakan waiwayi hagu na 'yan mintoci, har ya amsa cewa hannun nasa ne kuma ba ya motsi. Da tasirin ruwan ya wuce, musun ya dawo.

Me ya sa kusan kullum hagu ake mantawa? Bayani ɗaya shi ne ɓarin dama yana sa ido a gefe biyu, na hagu kuwa dama kawai yake kula da ita, don haka idan na hagu ya lalace akwai mai rufa masa baya, idan na dama ne babu. Marcel Kinsbourne ya ƙara da cewa ɓarin biyu a kullum cikin ja-in-ja suke, kowanne na tura hankali zuwa kishiyar gefensa yana kuma danne ɗan'uwansa. Idan haka ne, rabin laifin yana wuyan lafiyayyen ɓarin, wanda ya rasa mai taka masa birki ya janye hankali duka zuwa dama. Akwai shaidar da ta goyi bayan wannan. A 1966 James Sprague ya nuna cewa kyanwar da ta daina kula da gefe ɗaya saboda rauni a ƙwaƙwalwa takan dawo da kulawar idan aka yi mata rauni na biyu a ɗaya gefen. A 1996 Patrik Vuilleumier da abokan aikinsa a Lausanne suka ba da rahoton majiyyacin da ya manta hagu bayan jini ya toshe masa a ɓarin dama, kwanaki kaɗan sai wani toshewar ta same shi a gaban ɓarin hagu, mantuwar ta ɓace. Daga irin wannan ne wasu cibiyoyin gyaran jiki suka fara gwada ɗora na'urar maganaɗisu a kan lafiyayyen ɓarin, su ɗan rage masa ƙarfi, domin mai raunin ya sami damar jan hankali zuwa nasa gefen.